Saitin itanol a Apo: hannunsa na da kyau, jarkokinsa ne suka cuce ni

Duk mai harkar gudun mota a Abuja ya san injiniyan nan na ɓangaren Apo da ke yi wa motoci masu tobo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) saiti da kwamfuta, don haka ba sai na kama suna ba, kuma kuɗin aikinsa ba ɓoyayye ba ne. Motata BMW 335i ce ƙirar 2008, mai injin N54, silinda shida da tobo biyu. A Jos nake zaune, amma tseren mita 402 da muke yi a Abuja ake shirya shi, a kan hanyar da aka rufe da izini. Abin da ya kai ni wurinsa shi ne yadda motar ke rasa ƙarfi da zarar rana ta take. An ƙera injin nan ne don ya sha mai mai okten 95 zuwa 98 (okten shi ne ma'aunin juriyar mai ga kamawa da wuta da kansa), mu kuwa fetur ɗin gidajen manmu da kaɗan ya haura 90. Idan tobo ya cusa iska mai zafi, sai man ya nemi kamawa da wuta kafin fulogi ya ba shi izini, ƙwaƙwalwar motar kuma ta ja da baya don kada fistin ya tafi. Kana taka totur har ƙasa, kana jin motar tana riƙe kanta.

Maganar gaskiya, aikin da ya yi ya burge ni ƙwarai, kuma har yau da nake cikin fushi ba zan janye wannan ba. Bai yi min cika baki irin na wasu ba. Tun farko ya ce, "Alhaji, ka manta da E85 ɗin da kake gani a bidiyon Amurka. Famfunan manka ba za su ɗauka ba." E85 haɗin mai ne da kusan kashi 85 cikin ɗari nasa itanol ne, wato sinadarin barasa da ake ƙonawa a inji, sauran kuma fetur. Ya zaunar da ni ya yi min lissafi. Fetur na buƙatar iska kashi 14.7 ga kowane kashi ɗaya na mai, itanol zalla kuwa kashi 9 kacal, wato dole nozul su riƙa watsa mai fiye da da, a E85 ƙarin ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari. Ya ce mu tsaya a E40, lita 24 na itanol da lita 36 na fetur idan za a haɗa lita 60. Ya sauya famfon cikin tanki da babba, ya sa sababbin fulogi ya matse bakinsu, ya ɗaura babbar intakula mai sanyaya iskar tobo, sannan ya jona kwamfutarsa ya zauna a kujerar mai zaman banza muna ta hawa da sauka yana duba layukan da ke gudu a allo. Ba ya ƙara ƙarfin tobo sai ya ga duk silinda shidan sun yi tsit. Kuma ya bar min saiti biyu, na tsere da na fetur zalla don zirga-zirgar yau da kullum, ina sauyawa daga wayata.

Ranar da na fara taka ta a kan sabon saitin, wallahi sai da na yi salati. Okten ɗin itanol ya kai wajen 108, kuma idan ya tururce yana sanyaya cikin silinda, shi ya sa injin ya daina tsoron zafin Abuja. Giya ta uku da a da take yin lagwas a tsakiya, yanzu ja take har ƙarshe ba numfasawa. Na'urar auna gudu ta nuna na sauko daga daƙiƙa 13 da ɗoriya zuwa 12 da rabi, da tayoyin hanya na kullum. Wanda ya san tseren nan ya san daƙiƙa guda ba wasa ba ce, tazarar motoci da yawa ce a layin ƙarshe. Na koma Jos ina yabonsa a duk inda na zauna, har mutum biyu na tura masa. Akwai kawuna da ya ji warin salansa ya tsuke fuska ya ce, "Kai, wannan ba barasa ba ce kake ɗurawa mota?" Na ce, "Kawu, sinadarin ɗaya ne, amma wannan ba na sha ba ne, ƙona shi ake yi." Ya girgiza kai ya wuce, bai ƙara tayar da maganar ba.

To, ga inda abin ya lalace. Ban taɓa ganin gidan mai a ƙasar nan da ke sayar da itanol a famfo ba. A Burazil tun 1975 gwamnati ta rungumi itanol na rake, kana shiga gidan mai ka sha abinka mai ma'auni. Mu nan sai dai jarka, kuma duk amanarka tana hannun wanda ya cika ta. Wanda ake samu a wurin masu sayar da sinadarai galibi kashi 96 ne, sauran ruwa, don tacewa ta yau da kullum ba ta iya wuce nan. Injiniyan ya ce kada in wahalar da kaina, shi yana da mai kawo masa mai kyau. Na farkon da muka yi saiti da shi lafiya lau. Ana gab da tseren watan Disamba na sake sayen jarkoki a hannunsa, a farashin da ya fi na baya, na biya ba tare da ciniki ba saboda na yarda da mutumin.

Ran tsere na haɗa man yadda ya koya min, na shiga layi da wata Golf da na san na fi ta. Aka ba da hannu, na tashi da kyau, giya ta ɗaya da ta biyu ina gaba. Ina shiga ta uku sai motar ta yi wata irin shaƙewa, ta fizga, ta sake fizga, salansa ta yi tas-tas, wutar cek ta kama, ƙarfin ya ɗauke gaba ɗaya. Na gangara zuwa ƙarshen layi ina kallon bayan Golf, jama'a na gefe suna ɗaukar bidiyo. Ba rashin nasarar ce ta fi ƙona min rai ba, tunanin injin ne. Duk wanda ya taɓa jin mota ta yi haka tobo na cike da iska ya san abin da ke zuwa zuciya, ko fistin ya narke.

Injiniyan yana wurin. Ya zo ya jona kwamfuta, ya duba na ɗan lokaci, ya ce koyil ne, wato masu ba fulogi wuta. Na ce, "Oga, ka duba man nan, tun da na zuba shi nake jin motar ba daidai ba ko a tsaye." Ya ce, "Haba Alhaji, man da kowa ke sha? Koyil ɗinka ne suka tsufa." Nan take ya aika yaronsa ya kawo koyil shida, na biya. Motar ta ɗan lafa amma ba ta warke ba. Ya ce in koma saitin fetur, in cika tanki da fetur zalla a hanya, komai zai wanke. Haka na yi a Akwanga, na lallaɓa ta a Hawan Kibo tana tari, na isa gida da daddare.

Motar ta kwana a waje cikin hunturun Jos. Da asuba na murɗa, sitata na juyawa, inji ko motsi. Na kira injiniyan, ya ce sanyin garinmu ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don itanol ba ya son tururcewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 13, kuma Jos da ke sama da mita 1,200 tana kaiwa haka a daren Disamba. Tsofaffin motocin Burazil ma har ɗan ƙaramin tankin fetur ake sa musu saboda tashin safe. Amma ai tankina ya fi rabi da fetur a lokacin, kuma rana ta fito har azahar motar ba ta tashi ba.

Janwe ne ya kai ta Farin Gada wurin tsohon makanikena, dattijon da bai taɓa riƙe kwamfuta ba. Ya cire kujerar baya, ya buɗe murfin famfo, ya zura tiyo har gindin tanki ya zuƙo man cikin farar kwalba, ya ɗora a kan bulo ya ce mu jira. Ba a jima ba kwalbar ta rabu biyu a gaban idona. Sama fetur ne ruwan ɗorawa, ƙasa kuwa wani abu fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, kaurinsa ya kai yatsu uku. Ya ɗaga ta saitin rana ya ce, "Ɗana, ga abin da famfonka ke sha, don daga ƙasa yake ja." Daga nan na ɗauki ragowar jarkar da ban buɗe ba na kai wa wani abokina malamin kimiyya. Ya zuba a doguwar kwalbar gwaji, ya saka ma'aunin gilashi mai yawo a ciki, ya tsaya a wajen 80. Kashi ɗaya cikin biyar na abin da na saya ruwa ne. Na san itanol na jan laima daga iska, amma jarka a rufe, cikin busasshen hunturu, ba za ta sauko daga 96 zuwa 80 da kanta ba. Hannu ne ya zuba.

Abokin nawa ne ya ƙara fahimtar da ni cewa shawarar cika fetur ita ta ƙarasa lalata lamarin. Itanol ne ke riƙe ruwa a cikin haɗin, idan kasonsa ya ragu kuma sanyi ya sauka, sai ya saki fetur ya bi ruwan su kwanta a ƙasa. Mutumin da ya zaunar da ni ya koya min 14.7 da 9 ba zai ce bai san wannan ba. Da na tuna haka sai wasu abubuwan suka dawo min. Tun ranar farko na ce ya sa min sensar da ke auna kason itanol, ya ce ɓarnar kuɗi ce tunda a wurinsa zan riƙa saye. Bai taɓa gaya min in riƙa juye baƙin mai da wuri ba, alhali itanol na sauka cikinsa ya tsinka shi, sai a bakin wasu na ji. Kuma koyil ɗina na da, da dattijon ya gwada su, duk shidan lafiyarsu ƙalau. Mu da muka ga abin da gurɓataccen fetur mai metanol ya yi wa motocin mutane a Abuja da Legas a watan Fabrairun 2022, bai kamata a ce mai sana'ar inji yana sayar da mai bai auna ba.

An wanke tanki, an sauya matatar mai, an juye baƙin mai. Alhamdulillahi fistin ba su taɓu ba, amma nozul ɗaya ya tafi, kuma masu irin motar nan sun san kuɗinsa. Na zaga Dilimi ban samu mai lambar da ta dace da sauran ba, sai daga Legas aka aiko.

Na tura wa injiniyan hoton kwalbar da na ma'aunin. Amsarsa ita ce mai kawo masa ne ya cuce shi, shi ma bai sani ba. Wataƙila haka ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Amma a hannunsa na saya, da bakinsa ya ce mai kyau ne, kuma da na nuna masa man a filin tsere ko warinsa bai shinshina ba, koyil ya sayar min. Ya mayar min da kuɗin jarkokin bayan na matsa, ko "yi haƙuri" babu.

Saitin nasa yana nan a motar ban taɓa shi ba, kuma da na samo itanol a wani wuri na auna da kaina kafin in zuba, ta koma 12 da rabi ɗinta. Idan aikin kwamfuta ne zan iya komawa wurinsa, duk da raina ba ya so. Mai kuwa ko kyauta ya ba ni ba zan zuba ba, kuma mutum biyun da na tura masa na kira su na ce su auna duk jarkar da ke hannunsu. Maganar kuɗin koyil da na nozul har yanzu ina jiran ya ɗaga waya.