Ka maƙale a gem? Ga irin taimakon da ya cancanci kuɗinka da datarka

Kafin ka kashe ko sisi, fara gane irin maƙalewar da ka yi. Wanda ya ɓace hanya taswira yake nema. Wanda bos (babban abokin gaba a gem) ya kashe sau ashirin kuwa, so yake ya ga da idonsa lokacin da ake kauce wa sara.

Rubutaccen jagora ya fi komai arha. Shafin intanet na GameFAQs tun 1995 yake nan, kyauta ne, kuma rubutu zalla ba ya cin data sosai. A tsofaffin wasannin PS2 irin su GTA San Andreas, da wuya ka samu kamarsa. Nemo sunan wurin da ka tsaya, karanta sakin layi ɗaya, ka rufe. In ka zarce, sai ka tsinci ƙarshen labarin tun ba ka kai can ba.

Bidiyon YouTube ya fi dacewa da faɗa. Awa ɗaya a 720p kan lashe kusan gigabait guda, don haka rage shi zuwa 360p, ka tsallaka kai tsaye zuwa minti biyun da kake so. Inda ake yawan cutuwa shi ne kwanan wata. Misali, gem ɗin Elden Ring ya fito a Fabrairun 2022, a Maris sabuntawa ta 1.03 ta rage ƙarfin dabarun faɗa biyu, Hoarfrost Stomp da Mimic Tear. Duk bidiyon da aka ɗauka a kansu kafin nan yana koya maka dabarar da ta riga ta dusashe. Duba ranar ɗora shi tukuna.

Mai PS5 ya danna maɓallin PS ya duba katin Game Help, mai nuna yadda za a wuce inda aka maƙale. Tun 2024 ba sai da rajistar kuɗi ta PS Plus ba, sai dai ba kowane gem ke da shi ba.

Littafin jagora na takarda kuwa kayan ajiya ne. Maɗaba'ar Prima Games ta sanar da daina bugawa a 2018, maɗaba'ar Future Press na ci gaba da fitar da masu kyau, amma takarda ba ta sabuntuwa, ga kuɗin jigila.

Wanda ba mu ba da shawararsa ko kaɗan shi ne manhajar maguɗi a wasan intanet. PUBG Mobile kan rufe akawun har shekara 10, da duk abin da ka saya a ciki. Haka ma biyan wani ya ɗaga maka matsayi: sai ka miƙa masa kalmar sirrinka, in ya canza imel ɗin da ke haɗe da akawun ɗin, shi ke nan ya zama nasa.