Babban layin intanet ko jan kebul: wanne ne maganin nauyin netwok a ofis?

Ɗan'uwa, ka ce kuna da kwamfuta tara a ofis, duk a kan Wi-Fi. Da safe lafiya lau, amma da rana ta ɗaga sai komai ya koma tafiyar hawainiya, har fayil ɗin da kuke ɗauka daga kwamfutar akawu sai an jira shi. Kana tambaya ko ka ƙara girman layin intanet ko ka ja kebul. Ni dai ina bayan kebul, kuma a cikin bayaninka na samo dalilina.

Fayil ɗin akawu ba ya fita waje. Daga kwamfutarsa yake tashi, ya bi ta rauta, wato na'urar da ke raba muku Wi-Fi da intanet, ya sauka a taka. Ko ka ninka layin intanet sau goma, wannan fayil ba zai ƙara sauri ba, domin bai taɓa bin wannan hanyar ba. Tunda shi ma yana nauyi, to a cikin ofis gizo ke saƙa.

Kada ka ɗauki maganata haka kawai, ka gwada a daidai lokacin da nauyin ya kama. Buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni a Windows, ka rubuta ipconfig, za ka ga lambar rauta a layin Default Gateway, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Rubuta ping, umarnin da ke auna lokacin da amsa ke ɗauka kafin ta dawo, da wannan lamba, sannan a wata taga ka rubuta ping 8.8.8.8, wato sabar Google. Na farko yana auna cikin ofis, na biyu yana auna hanyar waje. A kan kebul mai lafiya amsar rauta ba ta wuce milisakan 1, a kan Wi-Fi mai kyau 'yan milisakan ne. In ka ga tana tsalle zuwa ɗaruruwa ko tana ɓacewa, kamfanin intanet ba shi da laifi. In kuwa rauta na amsawa nan take amma 8.8.8.8 ke jan ƙafa, to maganar ƙarin layi ta taso.

Abin da babban layi ke warkarwa shi ne cikar hanyar waje. Amma a nan ma mutane kan kalli lambar saukewa su manta da ta ɗorawa, alhali a yawancin layuka ta ɗorawa ce ƙarama. Kwamfuta ɗaya mai tura manyan fayiloli zuwa OneDrive ko Google Drive, ko kyamarar tsaro mai aika bidiyo waje, ko wayoyin ma'aikata masu ajiye hotuna a intanet, sun isa su toshe ta, kowa ya ji a jikinsa. Sau da yawa rage gudun ɗorawa a cikin saitin manhajar ya wadatar. Ka kuma tuna ƙarin layi kuɗi ne na kowane wata.

Kebul kuwa sau ɗaya ake jan sa, kuma ainihin ciwon Wi-Fi yake taɓawa. Wi-Fi kamar taro ne a ɗaki guda, mutum ɗaya ke magana sauran na jira. Da safe ku biyu ne ko uku, da rana kwamfuta tara ne da firinta da wayar kowa, har da ta baƙi. Tsohuwar laftof da ke can bayan bango biyu tana magana a hankali, tana cinye lokacin da na kusa za su yi amfani da shi. A zangon Wi-Fi na 2.4 GHz tashoshi uku ne kacal ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma kuna raba su da maƙwabta da na'urorin Bluetooth. Zangon 5 GHz ya fi sarari, sai dai bango na saurin raunana shi.

A kan suwic, akwatin da ake cusa kebul ɗin kwamfutoci a ciki, kowace kwamfuta tana da hanyarta ita kaɗai, tana aikawa tana karɓa a lokaci guda. Kebul na Cat5e yana ɗaukar megabit 1000 a sakan har tsawon mita 100, abin da ya wuce buƙatar ƙaramin ofis. Idan manyan kwamfutocin tebur suka sauka daga Wi-Fi, wayoyi da laftof ma sai su sami numfashi.

Kebul ma yana da nasa tarkon, kuma abin na damuna don ana yawan raina shi. Gudun 1000 yana buƙatar duk siraran wayoyi takwas da ke cikinsa. In ɗaya ta tsinke, ko an matse kan ba daidai ba, haɗin kan sauka zuwa 100 shiru, ba gargaɗi. Fayil da ya kamata ya wuce da sama da megabait 100 a sakan (megabait ɗaya megabit takwas ne) sai ya tsaya wajen 12. Duba gudun haɗin a saitin netwok na kowace kwamfuta, ka kuma tabbata suwic ɗin da za ka saya na gigabit ne, wato mai gudun megabit 1000. Sannan kada wani ya cusa kai biyu na kebul ɗaya a suwic guda: saƙonni za su yi ta kewayawa, fitilu duka su riƙa ƙiftawa tare, ofis ya tsaya cak.

Ba sai ka ja wa kowa a rana ɗaya ba. Fara da kwamfutar akawu, tunda ita kowa ke nema, sai firinta. Ja kebul ɗaya kuma zuwa teburinka, ka kashe Wi-Fi ɗin kwamfutar, ka sake buɗe fayil ɗin nan da tsakar rana. Ka turo mana sakamakon ping guda biyun, na safe da na rana, mu duba tare.