Biron kontabul ɗin da ke ta wajen Kasuwar Dole, ga abin da na gani

Masu butik na Damagaram da takardun lanho (haraji) ke ba ciwon kai, akwai wani ƙaramin biro ta wajen Kasuwar Dole, ni dai can nake kai nawa kuma wlh na gamsu. Mutumin yana da haƙuri, takarda ce da Faransanci amma zai zaunar da kai ya warware maka ita da Hausa, daga neman NIF (lambar mai biyan haraji) har lissafin abin da za ka kai DGI (ofishin haraji), kuma ba ya cewa kawo a rage a ɓoye, in kana son hanyar bayan gida zai ce maka Alhaji ba nan ba. Kuɗin aikinsa ya ɗan yi ma mai tebur nauyi gaskiya, jira ma akwai, in kuran ya tafi kuwa sai hira.

To hirar bencin ita ma karatu ce. Manyan 'yan kasuwa cewa suke a sassauta musu, su ke ɗaukar yara aiki, suna fidda zakka ɗaya cikin arba'in, in an matsa musu jari zai tsallaka Kano. Wani mushe (ma'aikaci mai albashi) da ke zuwa yana cewa shi ITS (harajin albashi) tun kafin albashi ya taɓa hannunsa an cire, mai tirela goma kuma sai abin da ya ga dama ya rubuta. Kontabul ɗin ne ya ce mana rigimar ba tamu kaɗai ba ce, a Amurka zamanin Reagan an sauke harajin masu manyan kuɗi daga 70% zuwa 28%, a Faransa Macron ya soke harajin dukiya na ISF a 2018 ya bar na gidaje da filaye kawai, har yau 'yan hagu da 'yan dama ba su daina musu a kai ba.

Ni ina bayan mushe. TVA (harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya) 19% ce, mai tallan ƙosai da mai bene duk ɗaya suke biya a kan kaya ɗaya, ita a cikin kuɗin cefane ta cire, shi ko ji bai yi ba. Mai hali ya ƙara, amma fa a nuna mana a famfo da asibiti, don ƙishirwar garin nan kowa ya san ta.

In za ku je ku yi sammako, ku riƙo rasit ɗinku duka, ba ya aiki da "na manta".