Tantin da na ɗaura a bayan babur damina biyu a Legas

Tanti na farko da na saya irin mai buɗe kansa ne, wanda za ka zare daga jaka ka cilla sama ya faɗo a kafe. A intanet na gan shi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma mai sayarwa ya rubuta cewa ruwa ba ya ratsa shi. Ranar da aka kawo shi gidanmu a Agege yara suka yi ta shiga suna fita a tsakar gida. Matsala ta soma ne da na zo ɗaure shi. Irin wannan tanti idan an naɗe shi faifai yake komawa, faɗinsa ya kusa kai tayar babur. Na kwantar da shi a kariya, ya leƙo hagu da dama. Na tsayar da shi a bayana, iska ta riƙa bugunsa tana jan babur ɗin gefe. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Badagry yana kurɗawa tsakanin danfo da tirela ya san cewa kayan da ya fi hannun babur faɗi neman haɗari ne.

Mu huɗu ne muke fita, duk 'yan kasuwa, ƙarshen wata idan Allah ya ba da hali. Mukan tashi Asabar bayan sallar asuba, mu kwana ɗaya a bakin ruwa, ko ta wajen Badagry ko ta wajen Epe, mu dawo Lahadi. Tun da gwamnatin jihar Legas ta Gwamna Sanwo-Olu ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a ranar 1 ga Yuni, 2022, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, idon jami'ai yana kan duk mai babur. Namu ba na haya ba ne, takardunmu cikakku, amma mun lura wanda ya ɗaure kaya tsaf ya sa hular kwano ya fi saurin wucewa a kan wanda kayansa ke reto. Wannan ma dalili ne na son ƙaramin ƙunshi.

Daren farko a bakin tekun Badagry ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba, amma na farka kafin asuba jikin tantin sharkaf daga ciki, ruwa na ɗiga a fuskata, rigar da na yi matashi da ita ta jiƙe. Fita ta biyu aka yi ruwa da iska, ɗinkin rufin ya riƙa yoyo, sanda guda ta tsage gida-gida. Da muka dawo na kai wa wani dattijo da ke ɗinkin tamfol a unguwarmu. Ya juya shi, ya shafa cikinsa. Na ce, "Baba, ko za a shafa masa wani abu ya daina yoyo?" Ya ce, "Ɗana, ɗinkin zan iya toshe maka. Amma ruwan da ya jiƙa ka ranar farko numfashinka ne da guminka, ba su sami hanyar fita ba. Wannan ba ni da maganinsa."

Maganar Baba ita ce ta sauya mini yadda nake kallon tanti. Yawancin tantunan nan an yi su ne domin ƙasashen sanyi, inda ake so a tsare ɗumi a ciki. Mu a Legas ba sanyi ne abokin gabarmu ba. Laima ce, da zafi, da sauro. Iskar bakin teku dama a jiƙe take, mutum ya kwana yana numfashi cikin rufi ɗaya rufaffe, tururin ya taɓa yadin da raɓar dare ta sanyaya, nan take ya koma ruwa. Duk ingancin yadin ba zai hana wannan ba, ƙara shi ma yake yi.

Na biyun da na saya, wanda nake amfani da shi yanzu, mai rufi biyu ne. Na ciki kusan duk raga ce, kamar gidan sauro mai ƙasa, na waje kuma shi ne mai tare ruwa, da rata tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu. Tururi yana ratsa ragar ya taru a rufin waje ya gangara ƙasa, bai taɓa ka ba. Ƙofofinsa biyu ne suna kallon juna, kuma a wurina babu abin da ya kai wannan daraja a jikinsa: idan na buɗe duka biyun na fuskantar da ɗaya wajen teku, iska tana ratsawa har gari ya waye. A watannin rani ma cire rufin wajen nake yi gaba ɗaya, in kwana a cikin ragar ina kallon taurari, sauro na kuka a waje. Kuɗinsa ya ninka na farkon sau uku. Araha ba ta ado, amma ban ce a sayi mafi tsada ba, a duba dai a tabbatar rufinsa biyu ne.

Idan an naɗe shi tsawonsa santimita 45 ne, nauyinsa kilo biyu da rabi. Masu tafiya a ƙafa sun fi damuwa da nauyi. Mai babur, kilo ɗaya ba zai dame shi ba, tsawon sandunan idan an kakkarya su shi ne abin dubawa, domin su ne ba sa lanƙwasuwa. Kafin in biya kuɗi sai da na sa tef na gwada faɗin kariyata. Sandunansa na alminiyam ne. Na farkon na faiba ne, wanda idan ya ji iska tsagewa yake yi ya huda yadi, alhali alminiyam lanƙwashewa yake, kuma akan haɗo da ɗan guntun bututu da za ka zura a wurin ka ƙarasa kwananka.

Akwai lamba da ake rubutawa a jikin jaka, 1,500 ko 3,000 ko 5,000, da milimita. Ma'anarta tsayin ruwan da za a tara a kan yadin kafin ya soma ratsawa. Nawa 3,000 ne, kuma ya ɗauki ruwan watan Yuni a Epe tun daga isha'i har tsakar dare ba ɗigo. Sai dai lambar ba ta amfanar komai idan ba a liƙe ɗinkin da tef daga ciki ba, don haka a juya rufin a duba. Ƙasan tantin kuma gwiwa da gwiwar hannu suna danna shi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi ya sa nake shimfiɗa guntun tamfol a ƙarƙashi. A yanka shi ya ɗan gaza tantin faɗi, in ba haka ba ruwan rufi zai sauka a kansa ya kwanta a ƙarƙashinka.

An rubuta na mutum biyu ne. Gaskiya na mutum ɗaya ne da kayansa. Hular kwano da jaka da rigar ruwa su suke cinye wurin mutum na biyu, takalma da buta kuma ina ajiye su a 'yar rumfar da rufin waje ya bari a bakin ƙofa.

Inda ya gaza ba zan ɓoye ba. Turakan da ya zo da su sirara ne, a rairayin bakin teku da hannu ɗaya za ka zare su. Ni ƙananan buhuna huɗu nake tafiya da su, in cika da yashi, in ɗaura igiyoyin, in binne. Wani daga cikinmu ya taɓa ɗaura igiyarsa a jikin babur, jakin, wato ƙafar da babur ke tsayuwa a kanta, ya nutse a yashi cikin dare, Allah ya kiyaye babur ɗin ɗaya gefen ya faɗa. Tun daga ranar kowa yana sa katako a ƙarƙashin jaki, kuma nesa da tanti. Haka nan ba ma kafawa a ƙarƙashin bishiyar kwakwa, komai daɗin inuwarta. Tsayinsa mita ɗaya ne kacal, ba a miƙewa a ciki. Salla a waje muke yi kan tabarma, ranar da ruwa ya tsare mu da asuba sai da muka jira ya tsagaita. Girki kuwa ban yarda a yi a ciki ba ko a bakin ƙofa, hayaƙin risho ko gawayi a rufaffen wuri yana kashe mutum cikin barci, yadin kuma ɗan tartsatsi ya ishe shi.

Zif ɗinsa ne ya fi ba ni aiki. Gishirin iskar teku da yashi suna shiga haƙoransa, bayan fita ta biyar ya soma cijewa. Yanzu ina dawowa gida nake wanke shi da ruwan famfo da tsohon buroshin haƙori, in goga masa kyandir. Sannan in shanya rufin da ragar a igiya, a inuwa, sai sun bushe ƙarau kafin in mayar jaka, domin a laimar Legas tanti ya kwana biyu a naɗe da danshi funfuna ta kama shi, warin kuma ba ya fita. Uwargida ta ware mini igiyar da ke bayan ɗaki saboda wannan, ranar Litinin da yamma nake naɗewa.