Daga Tokyo zuwa Hakodate a jirgin Hayabusa: jirgin ya yi, katin JR Pass sai an yi lissafi

Duk wanda ya ce zai je Hakodate, gari a arewacin Japan, daga Tokyo, tambayoyi biyu za su tare shi: sama zai bi ko ƙasa, kuma zai sayi katin JR Pass, wanda ke ba baƙo damar hawa jiragen ƙasa na kamfanin JR iya son ransa na wasu kwanaki, ko kuwa? Ni ƙasa na bi, a watan Yuni, da katin a aljihu. Hayabusa, jirgin ƙasa mai tsananin gudu, ya cancanci a hau shi ko da sau ɗaya ne a rayuwa. Katin kuwa ba kowa yake fitarwa ba.

Ga lissafin. A Oktoban 2023 katin kwana 7 ya tashi daga ƙasa da yen 30,000 zuwa yen 50,000. Tikitin zuwa kaɗai ya kai yen 23,000 da 'yan kai lokacin da na je, wato zuwa da dawowa ma bai cika kuɗin katin ba. Ni ya biya ni ne domin na ƙara da Sendai, daga baya na gangara Kyoto. Wanda Hakodate kaɗai ta kawo shi, shawarata ya tafi a jirgin ƙasa ya dawo a na sama: daga Hakodate zuwa Haneda, filin jirgin saman Tokyo, awa 1 da minti 20 ne, kuma filin jirgin Hakodate bai fi minti 20 a bas daga tsakiyar gari ba.

Hayabusa ba ya ɗaukar mai hawa haka kawai, kowace kujera da mai ita, don haka sai ka kama wuri kafin ka shiga. Mai katin ba ya ƙara ko sisi a kan wannan. Tafiyar ta haura kilomita 800, ana cinye ta cikin awa 4 ko da ɗan ɗoriya, kuma tsakanin Utsunomiya da Morioka jirgin yana taɓa kilomita 320 a awa. Abin mamaki, shayin da na ajiye a kan ɗan teburin gabana ko tangal-tangal bai yi ba. Kujerar tana da wurin miƙe ƙafa, bayan gida tsaf, mutane shiru. Mai son amsa waya tashi yake yi ya koma tsakanin taragu. Ka shigo da guzurinka daga tashar Tokyo, amma ka duba da kyau, yawancin akwatunan abincin da ake sayarwa a can ba sa rasa naman alade ko giyar girki. Dunƙulen shinkafa mai kifi a ciki ya fi kwanciyar hankali.

Wurin da kowa yake jira shi ne ramin Seikan, mai tsawon kusan kilomita 54, wanda aka buɗe a 1988. Kimanin kilomita 23 daga ciki a ƙarƙashin mashigin tekun Tsugaru suke, tsakanin tsibirin Honshu da Hokkaido. Gaskiya babu abin kallo, duhu ne da fitilu suna wucewa. Jirgin ma rage gudu yake yi a nan, domin da jiragen dakon kaya suke raba layin. Sanin cewa teku ne a saman kanka shi ne duk daɗin, kuma ya isa a yi salati.

Abin da ba a cika faɗa ba: jirgin ba ya shiga Hakodate. Tun da aka buɗe layin a Maris na 2016, a Shin-Hakodate-Hokuto yake tsayawa, tashar da ke cikin gonaki a wajen gari. Daga nan za ka sauya zuwa ƙaramin jirgi, Hakodate Liner, kusan minti 20. Sauyin ba wuya, katin ya ɗauke shi, sai dai mai manyan jakunkuna ya shirya wa tsayuwa idan jirgin ya cika.

Garin kansa mutanensa kusan 240,000 ne, kuma ya dace da wanda Tokyo ta gajiyar. Yana cikin tashoshin ruwa biyu da yarjejeniyar 1854 ta buɗe wa jiragen Amurka, shi da Shimoda, sannan aka buɗe shi ga cinikin waje a 1859. Shi ya sa a unguwar Motomachi za ka ga cocin Rashawa da tsohon ofishin jakadancin Ingila a kan tituna masu gangara har bakin ruwa. Taragon lantarki da ke bin tsakiyar titi yana kai ka kusan ko'ina, kuma katin Suica da ake biyan kuɗin sufuri da shi a Tokyo yana aiki a cikinsa.

Inda na fi daɗewa Goryokaku ne, sansanin da aka gina da siffar tauraro mai tsini 5. Wanda ya san ganuwar Kano da gwalalonta zai gane dabarar nan take, sai dai wannan gwalalon cike yake da ruwa, kuma an yi tsinayen ne don igwa ta iya harbin maƙiyi ta kowane ɓangare. A nan ragowar dakarun gwamnatin Tokugawa, tsohuwar gwamnatin sojan Japan da aka hamɓarar, ƙarƙashin Enomoto Takeaki, suka yi tsayuwarsu ta ƙarshe kafin su miƙa wuya a 1869. Daga ƙasa ba ka ganin tauraron sam. Sai ka biya ka hau hasumiyar da ke gefe, mai tsawon mita 107, kuma kuɗin bai tafi a banza ba.

Dutsen Hakodate, mai mita 334, shi ne abin da ake tallata garin da shi: fitilun dare a kan siririyar ƙasa, teku dama teku hagu. Akwatin da igiyar ƙarfe ke ja yana kai ka sama cikin minti 3. Kyan yana nan, ban musa ba. Amma bayan magariba cunkoso ake yi, kafaɗa da kafaɗa, kuma hazo yana iya rufe komai a wannan lokaci na shekara. Ka ɗaga kai ka dubi dutsen tun kana ƙasa. In ba ka ga ƙololuwarsa ba, riƙe kuɗinka sai gobe. Ka tafi da rigar sanyi ko da rani ne.

Maganar ciki, Musulmi ya fi samun sauƙi a nan saboda garin masunta ne. Kasuwar safe tana dab da tashar jirgin ƙasa ta cikin gari, akwai ƙaguwa, jatan lande, ƙwan kifi, da ika, wata halittar ruwa mai hannaye 10 da garin ya yi suna da ita, ko da yake kamunta ya ragu ƙwarai a 'yan shekarun nan, farashi ya hau. Ɗanye suke cin yawancinsu a kan shinkafa. Wanda zuciyarsa ba ta ɗauka ya nemi gasasshe. Taliyar ramen mai gishiri da ake yabo kuwa, romonta galibi da ƙashin alade ake yi, sai ka tambaya kafin ka zauna.

Ga mai zuwa a Yuni: rana tana fitowa wajen ƙarfe 4 na safe, asuba kuwa tun wajen ƙarfe 2. Ka saita agogonka kafin ka kwanta, kuma ka nemi masauki kusa da tasha, domin kasuwar tana buɗewa tun ƙarfe 5, zuwa bayan azahar an fara naɗe kaya.