Ɗaga Ƙafa ko Taɓa Ƙasa: Wanne Ya Fi wa Mai Bugu a Besbol?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya cewa ɗansa kullum a makare yake kai sanda ga ƙwallo, shin a koya masa ɗaga ƙafar gaba sama kafin bugu, ko ya riƙa taɓa ƙasa da yatsun ƙafa kawai? Malam, kafin a zaɓa, a fara duba lokacin da ake da shi. Tsakanin mai jifa da mai bugu akwai mita 18.44 a filin manya, kuma ƙwallon da ke gudun kilomita 145 a awa tana isowa cikin kusan daƙiƙa 0.4. Kaɗa sandar kanta na cin wajen 0.15. A filin yara tazarar mita 14 ce, don haka jifan kilomita 97 a awa ma rabin daƙiƙa ne. Duk wanda ya jira sai ya ga ƙwallo a iska sannan ya fara shiri, ya riga ya makara.

Ɗaga ƙafa yana tara ƙarfi. Mai bugu zai ɗaga gwiwar gaba, nauyinsa ya taru a cikin ƙugun baya, hannuwa su koma wajen kafaɗar baya, sannan ya sauke ƙafar a hankali. Sadaharu Oh na Japan ya riƙa tsayuwa da ƙafa ɗaya haka, ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 868. Amma motsin dogo ne, dole a fara shi da wuri, lokacin da mai jifa ya raba hannunsa da safar kamu. Ɗan wasa José Bautista misali ne mai kyau: da ya koma fara ɗaga ƙafa da wuri a ƙungiyar Toronto, sai ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 54 a 2010. Inda abin ke lalacewa shi ne kai. Idan jiki ya yi baya ya wuce ƙafar baya sannan ya afka gaba, kai zai motsa, ido kuma ba zai bambance ƙwallo mai gudu da mai lanƙwasa ba. In mai jifa ya rage gudu da gangan, ƙafa ta riga ta sauka, nauyi ya zube gaba, sai hannu kaɗai ya rage.

Taɓa ƙasa gajere ne. Ana jawo ƙafar gaba baya kaɗan, yatsu su taɓa ƙasa, sai a yi ɗan taku gaba wanda bai wuce taƙi ɗaya ba. Kai na zama wuri guda, gyaran lokaci kuma ya fi sauƙi. Shohei Ohtani, ɗan wasan Japan, da salon ɗaga ƙafa ya zo Amurka a 2018, da ya sha wuya a wasannin share fage sai ya rage motsin ƙwarai, ƙarfinsa kuma bai tafi ba. Haɗarinsa shi ne yaro ya taɓa ƙasa ya daskare, ƙugu bai ɗauki nauyi ba, bugun ya fito ba armashi.

A ganinmu, yaron da ke makara a fara masa da taɓa ƙasa, amma kada a canja komai sai an ɗauke shi bidiyo da waya daga gefe. A tsayar da hoton daidai lokacin da ƙwallo ta bar hannun mai jifa. In a nan bai gama komawa baya ba, matsalar lokacin farawa ce, ba salon ƙafa ba. Ya kamata ƙafar gaba ta sauka kafin ƙwallo ta wuce rabin hanya, hannuwa suna nan a baya.

Inda ƙwallo ke faɗawa ma na ba da labari. Ga mai bugu da hannun dama, in tana yawan fita ta gefen tasha ta ɗaya (ɓangaren dama na fili in an fuskanci mai jifa) ko tana dukan sanda kusa da hannu, ya makara. In tana gangarawa a ƙasa wajen tasha ta uku (ɓangaren hagu), ya yi garaje. Lokacin da yake jiran layinsa, ya riƙa yin shirin tare da kowane jifa, ba tare da kaɗa sanda ba. A atisaye kuma a riƙa cakuɗa masa jifa mai gudu da mai sanyi ba tare da an faɗa masa wanne ke zuwa ba, goma-goma, sau uku.