Ziyararmu Lekki Conservation Centre: gadar sama da birin da ya ƙwace mana biredi

Ƙungiyarmu ta matasa a nan Agege aikinmu dai kwashe shara ne da yashe kwata ranar Asabar, wani lokaci mu dasa itace a bakin makaranta, to watan jiya sai shugabanmu ya ce kullum mu ne cikin bola, ya kamata mu je mu ga muhallin da muke ta cewa a kare ɗin nan da idonmu. Aka yi karo-karo, aka tsayar da Lekki Conservation Centre, wani daji da aka keɓe don kare itatuwa da namun daji a unguwar Lekki.

Matsalar farko daga direban da muka ɗauka haya ta fito. Mun yi da shi ƙarfe shida na safe, bawan Allahn nan bai iso ba sai takwas saura, wai yana layin mai, kuma duk wanda ya san Ikko ya san in ka makara ka hau gadar Third Mainland to sai dai haƙuri, ga gosulo kuma yana jiranka a titin Lekki zuwa Epe. Mun isa wurin rana ta riga ta take.

Amma wallahi da muka shige get ɗin sai ka rantse ba a Legas kake ba. Ƙarar danfo ta ɗauke, babu hon, babu hayaƙi. Wurin hekta 78 ne, ƙungiyar kare muhalli ta Nigerian Conservation Foundation ce ta kafa shi a 1990 tun lokacin da Lekki ɗin kanta daji ce da fadama, yanzu kuwa gidajen masu kuɗi sun zagaye shi ta ko'ina, shi kaɗai ya rage kamar tsibiri. An shimfiɗa hanyar katako a kan fadamar, kana tafiya ruwa baƙi ƙirin a ƙarƙashinka, ga tukurwa ta rufe sama. Mai yi mana jagora ya ce akwai kada a ciki, mu dai ba mu gani ba, kuma gaskiya ban ji haushi ba.

Abin da kowa ke zuwa dominsa shi ne gadar sama, tsawonta mita 401, inda ya fi tsayi kuma mita 22.5 daga ƙasa, tana cikin mafiya tsawo irinta a Afirka. Kuɗinta daban da kuɗin shiga, a sani. Faɗinta na mutum ɗaya ne, raga ta hagu da ta dama, kana taka ta tana lilo, na gabanka ya motsa kai ma ka ji a ƙafarka. Akwai wani yayanmu mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, tun a mota yake cika baki wai shi da ya hau saman tirela daga Sakkwato har Ikko wace gada ce za ta ba shi tsoro. Muna kaiwa tsakiya sai na ji shiru a bayana, na waiwaya na gan shi ya riƙe igiya da hannu bibbiyu, ido a rufe, yana ta salati. Na ce Yaya lafiya? Ya ce kai dai yi gaba, kar ka girgiza min. Kuma ba a komawa baya, sai dai ka ƙarasa. Ni ma fa gwiwata ta yi sanyi, ba zan yi ƙarya ba, amma da na ɗaga kai na ga saman itatuwa shimfiɗe kore shar, can nesa ga benayen Lekki, sai na manta da tsoron na ɗan lokaci.

Birai kuma su ne masu gidan. Ƙananan nan ne da ake kira mona, ba sa jin tsoron mutum ko kaɗan. An gargaɗe mu tun a bakin ƙofa kar mu riƙe abinci a fili, ɗaya daga cikin ƙannenmu ta fito da biredin Agege daga leda za ta gutsura, kafin ta kai baki wani ya diro ya fizge gaba ɗaya ya haye reshe yana ci yana kallonmu. Laifinmu ne, an faɗa mana.

Bayan an sauko akwai fili mai rumfuna da tafkin kifi da manyan wasanni da aka zana a ƙasa irin su ludo, nan muka ci abin da birai suka bar mana, ɗawisu na ta yawo a gefe.

Ni dai kuɗina ya biya. In za ku je ku bar gida da asuba, ku sa takalmi mai rufi ban da silifas, ku ɗauki ruwa da yawa, ku duba sama tukunna don ba a hawa gadar in ana ruwa. Direba kuma kar ku ba shi kuɗi duka sai ya dawo da ku Agege.